Filin da Muka Ninke a Akwati

Ranar Asabar da ta wuce 'yata Zainab ta zo gida wanki, don an ɗauke musu ruwa a unguwarsu. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa, ta jiƙa sabuwar atamfar da mijinta ya saya mata, wadda sau ɗaya tak ta ɗaura zuwa biki. Tun ba ta sa sabulu ba ruwan bahon ya koma ja, kamar an yanka kaza a ciki. Na ce, "Zainab, me nake gani haka?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mama, ai atamfa ce. Ta biki ɗaya ce, wa yake sa ran ta kai baɗi?" Na ajiye farantin shinkafar. Ni mace ce mai sanyin hali, duk layinmu ba wanda zai ce ya taɓa jin muryata ta tsallake katanga. Amma jan ruwan nan da na ga yana bin rariya ya tayar mini da wani ɓacin rai da na ɗauka ya daɗe da kwanciya.

Yaran yanzu sun san unguwarmu Makera, amma ba su san Makerar da aka kawo ni ina amarya ba. A lokacin ba mu da bukatar agogo, jiniyar masaƙa ce take raba mana yini. In ta yi kuka da safe, sai titi ya cika da ƙarar kekuna da takun takalma, maza suna tafe da kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi. In ta sake kuka da rana, matan gidajen haya mu san lokacin ɗora tukunya ya yi, don masu aikin safe sun kusa dawowa da audugar da ta maƙale musu a gashi da gira kamar sun tsufa a yini ɗaya. Iskar unguwa warin rini take yi da ƙamshin sitaci mai zafi. Mai ƙosai, mai faci, mai shayi, mai gidan haya, kowa da jiniyar nan yake ci. Gidanmu ɗakuna ne a jere suna kallon famfo ɗaya, Bakatsine a nan, mutumin Kafanchan a can, kuma ba na tuna ranar da wata ta rasa gishiri ta kwana ba ta samu ba.

Maigidana a ɓangaren buga launi yake aiki. Duk wankin da zai yi, gindin faratansa shuɗi ne, har na kan ce masa ko a lahira za a gane sana'arsa. Ni kuwa ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina koyarwa a wata firamare, kaina cike da waƙe-waƙen da ban taɓa nuna wa kowa ba. Na kan tsaya a bakin famfo ina kallon tsuntsaye har bokiti ya cika ya tumbatsa. Shi ya sa yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Ni kuma da aka haifi Zainab sai na huta da kewaye-kewaye, na koma kiransa Baban Zainab.

Ƙarshen wata a ɗakinmu yana da tsari kamar ibada. Bayan sallar la'asar zai saki labule, in shimfiɗa tabarma, ya zaro ambulan ɗin albashinsa a rufe yadda aka ba shi ya ajiye a gabana. In an biya mu, ni ma in ajiye nawa kusa da nasa, ko da yake albashin malamai a wancan zamani yana zuwa ne lokacin da ya ga dama. Sai ya ce, "To Malama, raba." Ina da wasu ƙananan tasoshi da aka yi mini jere da su, su nake jerawa. Ta haya, ta masara da shinkafa, ta kananzir da sabulu, ta kayan miya, da wata 'yar ƙarama ta asibiti da gudummawar biki ko rasuwa. Mun yi yarjejeniya tun farko cewa albashinsa shi ne tuwo, nawa shi ne miya. In gwamnati ta riƙe nawa, sai ya ce, "Wannan watan tuwo ne zai ranta wa miya," mu sha kuka da daddawa muna dariya. Mukan yi musu, ba na ɓoyewa. Shi yana son nama ko da tsoka biyu ce, ni ina son a rage nama a ƙara wa tasar asibiti. Ya ce ina ciyar da cutar da ba ta zo ba, ina barin mijin da yake zaune a gabana da yunwa. Amma duk musun a kan tabarma yake farawa, a kanta yake ƙarewa, kuma ba wanda yake tashi bai san abin da ke hannun ɗan'uwansa ba.

Yanzu ina kallon 'ya'yanmu. Albashi ya daina zuwa a ambulan, a waya yake shigowa da 'yar ƙara, miji ya leƙa ya kife ta, mata ta leƙa tata ta kife. Suna kwana a gado ɗaya, kowa da lambar sirrinsa a ƙirji. In ta ce gas ya ƙare, ya ce zai tura, in ya tura ta ce bai isa ba, ya ce ta turo masa hoton rasit. Miji da mata suna aika wa juna rasit daga falo zuwa ɗaki! Ba na cewa sun fi mu son zuciya. Abin da ke hannunsu ne ba ya tsayawa balle a zauna a raba shi, kuma na san waɗanda suka jawo hakan.

Bayan tasoshin nan akwai abu na ƙarshe, wanda shi ne zuciyar lissafinmu. Duk abin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, ba ma kai shi banki. Mun ga yadda a zamanin soja aka wayi gari wasu bankuna sun rufe ƙofa da gumin mutane a ciki, mun kuma ga yadda takardar kuɗi take ramewa a ƙarƙashin katifa, abin da ya sayi buhu bana ya sayi rabinsa baɗi. Innata ta gargaɗe ni tun ranar da za a kawo ni. Ta ce, "Kada ki ajiye takarda. Ki ajiye abin da in an wayi gari babu, za a iya ɗaurawa ko a dafa." To masaƙa tana da kantin ma'aikata, inda ake sayar musu da atamfa a farashi mai sauƙi. Kowane wata, ko wata biyu in an matsu, Baban Zainab yakan shigo da turmi ɗaya a hammata. Ba ni kaɗai ba, yawancin matan ma'aikata haka suke yi. Atamfarmu tana da suna har ƙasashen maƙwabta, ba ta zuba, ba ta koɗewa, kuma farashinta kullum sama yake yi. Mace mai akwatin atamfa ta fi mai littafin banki kwanciyar hankali. In ninke turmin, in sa masa kafur, in jera a babban akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Ba don ado muke tarawa ba. Fili muke so. A can hanyar Rido, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara, akwai wani dattijo manomi da kowa ke kira Baba Mai Doya, wanda ya fara yanka gonarsa yana sayarwa. Wata Lahadi muka hau keke, Zainab a bayana, muka je ya nuna mana wani yanki mai bishiyar ɗorawa a kusurwa. Daga nan ana hango harshen wutar matatar mai yana lilo a sama. Na tsaya a ƙarƙashin ɗorawar na ji iska ba warin kwata, ba rediyon maƙwabci, ba mai gida da zai ƙwanƙwasa ƙofa ran ɗaya ga wata. Baban Zainab ya ba Baba goro da ɗan abin kafin alƙalami. Baba ya ce, "Na riƙe muku har kakar baɗi. Ku kawo cikon, ku kafa turakunku."

Tun daga ranar na daina ganin atamfa a akwatin nan. Duk turmin da ya shigo sai in raɗa masa suna. Mai koren ganye, shi ne wurin da za a haƙa rijiya. Mai zanen tsuntsaye, zaure ne. Akwai ɗakin Zainab, akwai madafa, akwai wurin shanya, har da inda zan shuka zogale. Wani mai ruwan zuma da shuɗi, wanda Baban Zainab ya ce da hannunsa ya haɗa launinsa, na ce wannan gindin ɗorawa ne, inda zai shimfiɗa buzu in ya yi ritaya. Yakan yi dariya ya ce, "Malama, mutane suna gina gida da bulo, ke kina ginawa da zane." Amma na sha kama shi ya jawo akwatin yana tambaya, "Wai wanne ne banɗakin? Kada mu tare babu."

Ana cikin haka aka ce soja za su koma bariki, mulki zai dawo hannun farar hula. Wanda bai ga wannan lokaci ba ba zai gane irin murnar ba. Mu da muka girma muna jin sanarwar juyin mulki a rediyo, sai ga shi an ce mu ne za mu zaɓa. Wani ɗan takara ya zo har ƙofar masaƙa lokacin tashin masu aikin safe, da takalmi mai faci a ƙafarsa, ya hau kan mota ya ce shi ɗan ma'aikaci ne, ya san zafin injin. Ya ce in suka hau, za a toshe kan iyaka, atamfar fasa-ƙwauri da ta fara leƙowa kasuwa ba za ta ƙara shigowa ba, masaƙa za ta koma aiki ba dare ba rana. Baban Zainab ya dawo gida muryarsa a dishe saboda kabbara da tafi.

Kwana biyu bayan haka maƙwabciyata Maman Bulus ta shigo ɗakina ba ko sallama. Mutuniyar Kafanchan ce, mijinta yana ɓangaren saƙa, ita ma tana da nata akwatin. Ta jefa wani zane a kan tabarma, wanda aka raba wa mata a wurin taron ɗan takarar, da fuskarsa a buge a jiki.

Ta ce, "Baban Zainab, kai ne mai launi. Taɓa wannan ka faɗa mini, injinku ne ya buga?"

Ya murza gefen zanen, ya shinshina. Can ya ce, "Ba namu ba ne. Ba ma na garin nan ba ne."

Ta tafa hannu. "Ehen! Mutum zai tayar da masaƙa, amma fuskarsa sai da ya kai ta ƙetare aka buga. Malama, ni gobe zan kwashe nawa in kai kasuwa. Injin markaɗe zan saya. Ko wa ya hau, mata za su niƙa tumatir."

Na ce, "Haba Maman Bulus, wataƙila sauri suke yi, masaƙa ba ta iya ba su a kan lokaci ba."

Ta ce, "Ke dai da karatunki, komai sai kin nemo masa uzuri. In kare ya cije ki za ki ce haƙorinsa ne yake ƙaiƙayi."

Muka yi dariya, ta fita. Ƙarshen watan muka baje maganar a kan tabarma, ni da shi. In mun sayar a lokacin, kuɗin ba zai kai cikon filin ba, da ɗan saura. In mun jira aka rantsar da su aka toshe kan iyaka, ga kuma Sallah tana tafe a daidai kaka, farashi zai tashi, mu biya Baba har mu sami na bulon farko. Lissafi ne mai kyau, har yau ina cewa mai kyau ne. Mun gina shi a kan alkawarin da aka yi a gaban dubban mutane da rana tsaka. Ranar zaɓe na bi layi da goyo a bayana, rana tana dukana, ina jin kamar da ɗan yatsana nake kafa turakun filinmu.

Aka rantsar da su. Damina ta zo ta wuce. Kan iyaka kuwa ba a toshe ba, sai ma ya zama kamar an cire masa ƙyaure. Masaƙa ta soke aikin dare, jiniya ta rage kuka. Da aka fara cire doya muka ce lokaci ya yi. Muka ɗauki hayar tasi, muka sa akwatin a but ɗin motar, muka tsallaka gada zuwa wurin wani Alhaji mai shagon atamfa a babbar kasuwa, wanda ya saba sayen kayan matan ma'aikata.

Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa. Na buɗe akwatin, ƙamshin kafur ya cika shagon. Ya ɗaga mai koren ganye, wato rijiyata, ya jinjina ya ce, "Kaya na gari, Hajiya. Allah ya sa albarka." Sannan ya faɗi farashin da zai saya. Na ɗauka ban ji daidai ba, don ko kuɗin da muka saya a kantin ma'aikata bai kai ba.

Baban Zainab ya ce, "Alhaji, wasa kake yi ko zagi?"

Alhaji bai yi fushi ba. Ya miƙa hannu kan kantar shagon ya sauko da wani turmi ya shimfiɗa kusa da namu. Koren ganye iri ɗaya, jijiyar ganyen iri ɗaya. Har sunan masaƙarmu an buga a gefensa, da tambarinta. Ya ce, "Daga ƙetare ake kawo ta, tirela-tirela. Uku nake sayarwa a kuɗin taku ɗaya. Malam, in kai ne mai saye, wacce za ka ɗauka?"

Maigidana ya ƙura wa turmin jabun ido. Zanen da ya yi makonni yana daidaita launinsa ne aka sace, aka buga a kan ƙyalle mai kama da takarda, aka dawo da shi garinsu da sunan wurin aikinsa. Ya ce a ba shi ruwa a roba. Ya tsoma gefen jabun ya matse, ruwan ya koma kore. Ya sake ruwa, ya tsoma namu ya murza da ƙarfinsa, ruwa ya fito fari tas. Ya ɗaga robar yana nuna wa mutanen da suka fara taruwa, ya ce, "Ku duba! Ku duba da idonku!"

Alhaji ya bari ya gama, sannan ya ce a hankali, "Na sani, Malam. Wallahi na fi ka sani. Amma mai saye ba ya wanki a kasuwa."

Ban taɓa mance wannan magana ba, kuma ba Alhaji nake jin haushi ba. Shi ɗan kasuwa ne, abin da aka bari ya shigo shi yake sayarwa. Haushina yana kan waɗanda tirelolin nan suka wuce ta gabansu suna ɗaga musu hannu, da waɗanda suka hau mota a ƙofar masaƙa suka yi rantsuwa. Na rufe akwatina. Baban Zainab ya dube ni, na gane yana tambaya ko mu sayar haka nan. Na ce, "Ko mun sayar duka ba zai kai rabin cikon ba. Ba zan ba da gidana a kuɗin jabu ba. Mu je wurin Baba mu roƙi ƙarin lokaci."

Washegari muka hau keke zuwa hanyar Rido. Tun daga nesa na ga abin da ban gane ba. An kafa turakun siminti masu jan fenti tun daga bakin hanya har bayan ɗorawar, an haɗe filinmu da na wasu mutum da yawa. Baba Mai Doya yana zaune a ƙofar gidansa. Da ya gan mu ya sunkuyar da kai.

Baban Zainab ya gaishe shi ya ce, "Baba, ai kaka ba ta ƙare ba."

Baba ya ce, "Ba ta ƙare ba, ɗana. Yaran Onorabul ne, ɗan takarar nan da ya ci zaɓe, suka zo da jaka cike da kuɗi, suka ce duk gefen nan suke so, ko duka ko babu. 'Ya'yana suka tsaya a kaina. Na ce akwai mai keke da na yi wa alkawari. Suka ce mai keke ya kawo nasa yau. Ina zan same ka?" Ya shiga ɗaki ya fito da kafin alƙalaminmu a ƙulle a leda, ko taɓa shi bai yi ba, ya haɗa mana da doya biyu. Matarsa ta leƙo ta yi mana sannu. Zanen da ke ƙugunta mai fuskar ɗan takarar nan ne, fuskar har ta fara koɗewa.

Muka kama hanyar gida. Ina bayan keke da doya a cinya, ina kallon wuyan rigarsa da gumi ya jiƙa. Watanni kaɗan da hawa mulki, mutumin da ya zo neman ƙuri'a da takalmi mai faci ya sayi gefen gari guda da kuɗi a jaka. Mu da muka yi shekaru muna rage nama a miya, an ce mu kawo namu yau.

Labari ya kai ga wan maigidana, wanda yake da shagon kayan gini a Tudun Wada. Ya zo ranar Juma'a, ya ƙi shiga ɗaki, ya tsaya a tsakar gida inda kowa zai ji. Ya ce, "Na sha gaya maka, namiji ba ya zube albashinsa a gaban mace. Ga shi nan ta mayar maka da gumin shekaru zannuwa. Wai 'yar boko! Daga yau ka riƙe kuɗinka, ka ba ta na cefane kullum safe kamar kowa."

Ina bayan labule ina jin komai. Maman Bulus ta kashe injinta na markaɗe, wanda a lokacin ya fara ciyar da gidanta, ta dubi wan maigidana ta ce, "Alhaji, Malama ce ta buɗe boda? Ka je ka tsaya a tsakar gidan Onorabul ka yi wannan ihun mana, in ka isa." Ya ce ba da ita yake ba. Baban Zainab dai bai ce komai ba sai, "Na ji, Yaya. Allah ya huci zuciyarka." Wannan amsa ta fi maganar wansa yi mini ciwo, don ban san abin da take nufi ba. Kwanakin da suka rage a watan na yi su ina dafa abinci ina kai masa kamar baƙo. Fili ya tafi, na sani. Abin da nake tsoro shi ne tabarmar ma ta bi shi.

Ranar albashi ya dawo, ya yi sallar la'asar, ya saki labule. Ya tsaya yana kallona har na gane jira yake in shimfiɗa tabarma. Na shimfiɗa. Ya ajiye ambulan a gabana a rufe, ya fi na kullum sirantaka don an yanke kuɗin aikin dare. Ya ce, "To Malama, raba."

Na ce, "Yaya fa?"

Ya ce, "Yaya ne ya haɗa launin? Ni na buga, ke kika ninke, tare muka ce a jira. In akwai wanda ya ci amana, ba a ɗakin nan yake ba." Sannan ya jawo akwatin ya buɗe, ya ɗauko mai zanen tsuntsaye ya ɗora mini a cinya. "Kai wa tela. Tunda an hana mu shiga zauren nan, ki ɗaura shi in gani."

Haka muka cinye gidanmu a jiki. Na ɗaura zaure a Sallar shekarar. Rijiya na sa ranar sunan ƙanin Zainab. Da madafa na goye shi har ya yi tafiya. Da masaƙa ta rufe gaba ɗaya, aka sallami mazajenmu da alkawarin haƙƙin da wasu har suka mutu suna jira, wurin shanya da ɗakin Zainab su muka sayar wa wata Hajiya da ta san kaya, muka biya kuɗin makaranta. Baban Zainab ya koma fenti a gidajen mutane, yana shafa wa katangar wasu launi. Tasoshin suka ragu daga biyar zuwa uku, wani watan biyu, amma bai taɓa fasa zube abin da ya samo a kan tabarmar nan ba, har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. A wannan ɗakin hayar aka yi masa wanka. Da na kama hannunsa na ƙarshe, shuɗin nan ya daɗe da barin faratansa.

Filin kuwa na je na gani bara, da na raka wata ta'aziyya can gefen. An zagaye shi da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa. Na leƙa ta kafar ƙofar. Ba a aza ko bulo ɗaya a ciki ba, ciyawa ce har ƙirji, an sare ɗorawar an bar kututture. Ashe ba ma don ya zauna ya saya ba. Masaƙar ma haka take, an kwashe kwanon rufinta, awaki suna kiwo inda injuna suke. Kuma duk lokacin zaɓe sai wani ya zo ya tsaya a ƙofarta ya ce zai tayar da ita, 'yan rakiyarsa sanye da anko da aka buga a ƙetare.

Duk wannan ne ya taso mini ranar Asabar ina kallon jan ruwan Zainab. Na tashi na shiga ɗaki na jawo akwatin. Turmi ɗaya ya rage a ƙasansa, mai ruwan zuma da shuɗi, wanda na kasa kai wa tela na kuma kasa sayarwa. Na fito na miƙa mata.

Ta juya shi ta ce, "Mama, wannan ai tsohon yayi ne."

Na ce, "Gindin ɗorawar babanki ne. Zubar da ruwan nan ki tari sabo."

Ta dube ni kamar za ta yi tambaya, sai ta fasa. Ta ɗauraye bahon, ta tara ruwa, ta warware gefen atamfar ta tsoma. Na ce ta sa sabulu. Ta sa. Na ce ta murza da ƙarfi, kada ta ji tausayinsa. Ta murza har hannunta ya gaji, ta matse, ta ɗaga zanen sama tana leƙen bahon.

Ana ganin gindin bahon ta cikin ruwan.